Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri: a tono tarihin Sukur tun dattawanta suna raye

Mai girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, maganar Sukur ce ta sa na rubuto maka, ƙauyen nan da ke bisa tsaunukan Mandara a ƙaramar hukumar Madagali. Ba sai na yi maka kwatance ba, tunda kai ɗan Gulak ne, a gindin waɗannan duwatsu aka yanke maka cibiya. Roƙona shi ne gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin tono tsohon tarihin garin nan, wanda wani sashensa yake binne a ƙasa, wani kuma yake bakin tsofaffi. Zaizayar ruwa tana cin na farko, mutuwa tana ɗauke na biyu.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi, sai bayan shekara shida kurmin Osun da ke Osogbo ya biyo baya a 2005. Wanda ya taɓa hawa ya san dalili. Tun daga ƙasa mutum zai kama hanyar da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, ta yi ta hawa da shi har bisa tudun da ya haura mita 1,000. Ko'ina ya duba gonaki ne hawa-hawa, an tokare kowacce da jerin dutse don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Ga gidan Hidi, sarkin garin, da ganuwarsa da ƙofofinsa na dutse bisa dutse, babu siminti. Ga ramukan da ake turke bijimi a ciki ana kiwata shi, ga rumbuna, ga masussukai, ga kufan matoyar ƙarfe. Hannu ne ya jera duk wannan, kuma ba hannun mutum ɗari ba, ba a zamani ɗaya ba.

Amma da baƙo zai tambaya su wa suka fara wannan aiki kuma yaushe, amsar da ke hannunmu gajeriya ce. An san gidan sarautar Dur, wanda Hidi yake fitowa daga cikinsa, ya kafu a ƙarni na 17. An kuma ga tsofaffin matoya da tama da duwatsun niƙa da ke nuna akwai masu narka ƙarfe a kan tudun tun kafin wannan gida ya karɓi mulki. Daga nan sai shiru. Ɗaruruwan shekaru ke nan da ba mu da abin faɗa a kansu, alhali jujin da zai ba da labarin yana nan a bayan gidaje, cike da tsingaro da gawayi da ƙashin dabbobi da kashin maƙera.

Dubi abin da maƙwabtanmu suka yi. A ɓangaren Kamaru na tsaunukan nan, a ƙasar Mafa, akwai wasu kufai na dutse da ake kira Diy-Gid-Biy: dandamali da matakala da lunguna, an gina su ba tare da laka ba. An daɗe ana wucewa ta gefensu. Da masana suka haƙa, suka ɗebi gawayi aka auna shekarunsa, sai ta bayyana an yi gine-ginen tsakanin ƙarni na 12 da na 17. A watan Yulin 2025 UNESCO ta sa wurare 16 daga cikinsu a jerin nata. Tsauni ɗaya ne, ranka ya daɗe. Iyakar da ta raba mu da su ta jiya ce, domin sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 Madagali ta zama ƙasar Nijeriya. In magina dutse suna aiki a can tun shekara ɗari takwas da suka wuce, ni ban yarda a ce namu ɓangaren kango ne a lokacin ba.

Rubutattun bayanai ma suna nuna yankin ba ɓoyayye ba ne. A tsakiyar ƙarni na 15 wani malamin Kirista a birnin Benis na Italiya, Fra Mauro, ya zana taswirar duniya, a cikinta akwai sunan Mandara da na Margi. Mutumin da bai taɓa taka Afirka ta Yamma ba ya ji sunan kakanninka daga bakin matafiya. A ƙarni na 16 limamin Barno, Ahmad ɗan Fartuwa, ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma, ciki har da waɗanda ya kai ƙasar Margi da Mandara, wadda a lokacin Kirawa ce babban birninta. A 1851 kuma matafiyin nan Bajamushe, Barth, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya ji labarin sarkin Sukur da kwarjininsa, ya rubuta. Duk waɗannan daga nesa suka hango dutsen, ko daga bayan doki. Babu wanda ya ba mu labarin daga sama.

Abin da ya ɗaukaka Sukur ƙarfe ne, kuma a nan nake son ka ɗan tsaya. Bayan ruwan sama mutane sukan bi ƙoramu su kwashi baƙin yashi, su rairaye shi har tama ta fito. A sare itace a yi gawayi. Matoyarsu ta bambanta da wadda aka sani a ƙasar Hausa: mai zuga yana zaune a sama, iskar zugazugi tana bin wani dogon bututun yumɓu ta sauka har tsakiyar wuta. A wurare da yawa narka ƙarfe sana'ar wani gida ce ta gado, amma a Sukur manoma ma suna yi, kusan kowane gida da hannu a ciki. Ana ƙera sandunan ƙarfe da suke tafiya kamar kuɗi, har a sadakin aure, fatake kuma suna hawowa kasuwar garin su saya su gangara da su Barno da sauran filayen ƙasa, su kawo abinci da kaya. Fartanyar da ta nome gero a can ƙasa, da mashin da mayaƙi ya riƙe, wasunsu daga wannan tudu ƙarfensu ya fito. Sai wajen 1960 wutar matoya ta mutu, da ƙarfen Turawa da tarkacen motoci suka cika kasuwa.

Wannan ne ya sa nake jin ciwon yadda ake koyar da tarihi a makarantunmu. Yaro ya haddace sunayen Mai-Mai na Barno da sarakunan Kano da Modibbo Adama, abu mai kyau, amma in aka zo kan mutanen dutse sai a ce masa gudun hijira ne ya kai su can, shi ke nan. Wanda tsoro kawai ya kora ba ya shimfiɗa titin dutse, ba ya kafa kasuwar da fataken Barno za su yi ta hawa dominta. Ɗan Sukur da ɗan Margi da ɗan Higi suna da haƙƙin su buɗe littafi su ga kakanninsu a matsayin magina da masu masana'anta.

Sau biyu cikin shekara ɗari aka nemi shafe garin. Tsakanin 1912 da 1922 Hamman Yaji na Madagali ya yi ta kai masa hari yana kama bayi, kuma shi da kansa ya bar littafin da yake lissafa abin da mayaƙansa suka kamo. A Disambar 2014, bayan Gulak da Michika da Mubi sun faɗa hannun Boko Haram, maharan suka hau dutsen suka ƙone gidaje da rumbuna, suka yi wa gidan Hidi ɓarna. Jinkar da ta ƙone an sake ta. Tsohon da ya mutu a gudun hijira da jerin sunayen sarakuna a kansa, da sanin wane kabari na wa ne, da waƙoƙin zuga, babu mai sake shi. Waɗanda suka ga ana narka tama da idonsu suna samari yanzu sun haura shekara 80.

Don haka aikin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ɗauki matasan Sukur da suka yi karatu, a horar da su, a ba su na'urar ɗaukar murya da hoto, su zauna da iyayensu su naɗi labarin cikin harshensu na Sakun, sannan a fassara zuwa Hausa da Turanci, a ajiye kwafi a garin da Mubi da Yola. Masu bincike biyu, Nicholas David da Judy Sterner, sun yi aiki mai daraja a can tun farkon shekarun 1990, sun rubuta da yawa, amma da Turanci ne, kuma mafi yawansa a ƙasashen waje aka buga. Ya kamata a dawo da shi gida cikin harshen da jikokin masu labarin za su karanta.

Na biyu shi ne haƙa. Na san wurin yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ita ke ba da izini, amma babu abin da ya hana jiha ta kawo kuɗi ta nemi a yi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kufai mai tsohon suna, ga Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ga ta jiha a Mubi, wadda ɗalibanta za su koyi aikin a ƙofar gidansu. A haƙa juji da kufan matoya da gindin tsofaffin gonaki, a aika gawayi a auna. Sharaɗi biyu nake roƙon ka kafa: kada a sa diga a ko'ina sai da yardar Hidi da dattawansa, domin akwai kaburbura da wuraren ibada da ba a taɓawa, kuma duk abin da aka tono ya zauna a Adamawa. In kuma za a yi gyara, don Allah a hana 'yan kwangila zuwa da buhunan siminti. Masu jera dutse na garin suna nan, a biya su su yi.

Za a ce maka tsaro bai gama daidaita a Madagali ba, kuma jama'a na fama da yunwa. Gaskiya ne, kuma mutanen Sukur su ne farkon masu buƙatar asibiti da ruwan sha da malamai a makarantarsu. Sai dai ɗaukar muryar tsofaffi ba ya jiran a gama yaƙi, kuɗinsa kuma bai kai na kwalbati ɗaya ba. Wa'adinka zai ƙare a watan Mayun 2027. Ina roƙon ka sa wannan aiki cikin kasafin kuɗin jiha da sunansa, ka kuma gayyaci Hidi da shugabannin jami'o'in nan zuwa Yola a tsayar da ranar farawa kafin damina ta sauka.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin tarihi daga Mubi