Raguwar haihuwa: a duba lissafin iyaye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan raguwar haihuwa a duniya. A shekarun 1960, a matsakaici mace kan haifi 'ya'ya kusan 5. Yau abin ya sauko wajen 2.3. A Koriya ta Kudu har ya faɗi 0.72 a 2023, alhali sai an kai 2.1 al'umma ke riƙe yawanta.

An fi ɗora wa magungunan tsarin iyali laifi, amma a ganina lissafin iyaye ne ya sauya. A da ana haihuwa da yawa saboda ba a san wanda zai rayu ba. Rigakafi da tsaftataccen ruwa sun rage wannan fargaba: a 1990 yara fiye da 90 cikin dubu ke rasuwa kafin shekara 5, yanzu ba su kai 40 ba. Sannan yaron da a gona yake kama wa mahaifinsa aiki tun yana ƙarami, a birni ɗawainiyarsa ake yi har ya haura ashirin: kuɗin makaranta, malamin darasi bayan an tashi, ƙarin ɗaki a gidan haya. Sai iyaye su gwammace su haifi biyu su tsaya musu sosai. Karatun mata ma ya jinkirta aure.

Shi ya sa doka ba ta cika tasiri a nan ba. Sin ta janye dokar ɗa ɗaya a 2016, ta halatta uku a 2021, amma a 2022 yawan jama'arta ya fara raguwa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka