A Riƙa Gwada Rubutu Kafin a Buga Shi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan takardun faɗakarwa da ake raba wa jama'a da Hausa, na rigakafi, na zaɓe, na taki da iri. Da yawansu, waɗanda aka rubuta dominsu ba sa fahimtar su.

Ni malami ne a ajin yaƙi da jahilci na yamma a Unguwar Rogo, nan Jos. Ɗalibaina 'yan kasuwa ne da teloli da matan aure. Wasu a nono suka sha Hausa, wasu kuwa Birom ne ko Jarawa ko Angas, Hausarsu ta kasuwa ce da maƙwabtaka. Da damina aka kawo mana wata takarda kan amai da gudawa. Jimlar farko kaɗai ta cinye layi biyar, kuma da ji ka san daga Turanci aka juyo ta. Yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, abin da uwa ke nema da tsakar dare, sai can ƙasan shafi. Matan da ke karanta saƙon waya ba gargada sun kai ƙarshenta, amma da na tambaye su me za su yi idan yaro ya fara zawo, sai aka yi tsit. Abin ya tsaya mini a rai.

A Amurka an daɗe ana auna sauƙin rubutu. A 1948 Rudolf Flesch ya fito da wani lissafi: a ƙirga kalmomin kowace jimla da gaɓoɓin kowace kalma, a ba rubutun maki daga 0 zuwa 100. Maki na hawa, karatu na sauƙi. A 1975 aka gyara shi don littattafan horar da sojojin ruwansu, kuma har yau yana cikin Microsoft Word. A 2010 ma doka suka yi cewa hukumomin tarayya su rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi.

Sai dai wannan ma'auni don Turanci aka yi shi. Makaranta da asibiti gaɓa huɗu-huɗu ne, lissafin zai ce masu wuya ne, alhali yaron goye ya san su. Abin da ke kayar da mai karatun Hausa daban ne: doguwar jimla mai ƙashin Turanci, da sababbin kalmomin da aka ƙirƙira a ofis ba wanda ya taɓa ji, da zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu da ma'anar jimla yake kama hanya. Idan jimlar ta karkace, ya ɓata.

Akwai gwajin da ba ruwansa da kwamfuta, wanda Wilson Taylor ya fito da shi a 1953. A goge kowace kalma ta biyar a sakin layi, a ba mutum ya cike gurbin. In ya cike mafi yawa, rubutun ya zauna masa. Ina yin sa a ajinmu da alli da allo. Nakan kuma sa ɗalibi ya karanta a fili, duk inda ya yi tuntuɓe in ja layi.

Roƙona ga masu buga irin waɗannan takardu shi ne su gwada su a kan mutum goma kafin su kai maɗaba'a, kuma kada goman duk su zama Kanawa. A zo Jos ma a ji. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello kuwa, su taimaka mana da jerin kalmomin da aka fi amfani da su yau da kullum, don marubuta su sami abin dubawa.

Wassalam.

Malamin ajin manya,
Unguwar Rogo, Jos