Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Jiragen Zeppelin Da Iskar Hiliyom

Ya ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, takardar da za ka gabatar a gaban malamanka ta iso, kuma na karanta ta har sau biyu. Rubutun ya yi kyau, sai dai akwai jimla guda da ta tsaya mini a rai, inda ka ce da tun farko an cika jiragen Zeppelin, waɗanda iska marar nauyi ke ɗagawa sama, da hiliyom wanda ba ya kama wuta maimakon haidurojin mai saurin kama wuta, da ba a yi asarar rayuka ba. Ina so ka sake auna wannan magana kafin ka tsaya da ita a gaban mutane, domin tarihin bai goyi bayanka ba.

Lokacin da Ferdinand von Zeppelin, tsohon hafsan sojan Jamus, ya tashi jirginsa na farko a kan tafkin Konstans ranar 2 ga Yuli 1900, yana da shekara 61, ba shi da zaɓin iskar da zai zuba. Abin da ya bambanta jirginsa da balan-balan shi ne ƙwarangwal na alminiyum da aka lulluɓe da yadi, aka jera jakunkunan iska 17 a ciki, kowacce daban, don kada hujewar ɗaya ta kayar da jirgin gaba ɗaya. Tsawonsa mita 128 ne, ya fi filin ƙwallo, amma injinansa biyu kowanne ƙarfin doki kusan 15 kawai gare shi. Hiliyom kuwa a lokacin abin ɗakin gwaji ne. A 1868 aka fara ganin alamarsa a cikin hasken rana yayin husufi, shi ya sa aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin rana, kuma sai a 1895 William Ramsay ya fitar da ɗan kaɗan daga wani ma'adini. Saboda haka ba ganganci ne ya sa Jamusawa suka riƙe haidurojin ba, ko bayan da jirginsu na huɗu ya ƙone ƙurmus a Echterdingen a 1908, har jama'a suka tara gudummawar sama da mak miliyan 6, kuɗin Jamus na lokacin, aka ci gaba da aikin.

Yadda aka gano hiliyom mai yawa ma abin dariya ne. A 1903 aka haƙa rijiyar gas a garin Dexter na jihar Kansas a Amurka, mutanen gari suka taru don bikin kunna ta, suna ganin arziki ya zo. Aka tura damin ciyawa mai ci da wuta bakin rijiyar, sai gas ɗin ya kashe wutar; aka sake, ya sake kashewa, taro ya watse cikin kunya. A 1905 Hamilton Cady da David McFarland na Jami'ar Kansas suka gano cewa kusan kashi 2 cikin 100 na gas ɗin hiliyom ne. Daga nan Amurka ta zama kusan ita kaɗai ke da shi, kuma a 1927 ta kafa dokar hana fitar da shi waje, abin da ya sa aka cika Hindenburg, katafaren jirgin fasinja na Jamus, da haidurojin duk da an zana shi don hiliyom.

Ga lissafin da ka tsallake. Mita kubik ɗaya na haidurojin yana ɗaga kimanin kilo 1.2, na hiliyom kuma kimanin kilo 1.11. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma ka ninka shi da mita kubik 200,000 na Hindenburg, za ka ga an yi asarar kusan tan 18, kuma tun da nauyin ƙwarangwal da injina ba ya raguwa, daga mai da kaya da fasinja za a cire su duka. Sannan ga tsada. Jirgi yana ƙona mai yana ƙara sauƙi, matuƙin Jamus sai ya saki haidurojin ya daidaita, domin mai araha ne. Ba'amurke kuwa ba shi da wannan dama, sai da aka ƙera na'urar tatsar ruwa daga hayaƙin inji don mayar da nauyin da aka rasa.

Shenandoah ta sojojin ruwan Amurka, wadda ta tashi a Satumba 1923, ita ce jirgi mai ƙwarangwal na farko da aka cika da hiliyom, kuma iskar ta yi ƙaranci har ya zama idan za a tashi 'yar'uwarta Los Angeles sai an juye mata ta Shenandoah. Don tattalin iskar aka cire 10 daga cikin bawuloli 18 masu sakin ta idan jakunkuna sun kumbura. Kwamandanta Zachary Lansdowne ya nuna rashin amincewa da tafiyar da aka shirya zuwa jihohin tsakiya a lokacin hadari, amma manya sun riga sun yi alkawarin nuna jirgin a wuraren baje koli. Da asubar 3 ga Satumba 1925 guguwa ta fizge ta sama a jihar Ohio, ta karye gida-gida, mutum 14 suka mutu har da shi kwamandan. An daɗe ana gardama kan ko cire bawulolin ne ya jawo karyewar, ni dai a ganina wanda ya rage abin kariya don tattalin kuɗi ba shi da bakin kare kansa. Duk da haka a ba hiliyom haƙƙinsa: wuta ba ta tashi ba, mutum 29 suka tsira, wasu ma a cikin gaban jirgin da ya ɓalle suka yi ta shawagi kamar balan-balan har suka sauko.

Kowa ya san Hindenburg saboda an ɗauki hoton ƙonewarta a Lakehurst da ke Amurka ranar 6 ga Mayu 1937, inda mutum 36 suka mutu. Kaɗan ne ke tuna Akron ta sojojin ruwan Amurka, mai cike da hiliyom, wadda ta faɗa teku cikin hadari a Afrilu 1933, mutum 73 cikin 76 suka halaka, akasarinsu ruwa da sanyi ne suka ci su, don babu rigunan ceto a jirgin.

Shawarata ita ce ka gyara jimlar ta ce hiliyom ya kawar da haɗarin gobara, ka tsaya nan, sannan ka ƙara sakin layi kan guguwa da raunin ƙwarangwal da matsin lambar manya. Haka nan ranar da ka fara aiki aka ce ka sa hannu a cire wani abin kariya, ka nemi a ba ka dalilin a rubuce, kai ma ka rubuta naka, ko da wanda ya ba da umarnin ya girme ni. Lissafin tan 18 ɗin ka sake yin sa da hannunka, kada ka kwafi nawa, kuma ka aiko mini da gyararren kafin ka miƙa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka