A Daina Taɓa Mana Kuɗi a Kati Ba Tare da Yardarmu Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in kai kuka ga hukuma, in kuma ja hankalin 'yan'uwana talakawa masu riƙe da katin banki.

Ni tela ne a Funtuwa. Shekarata ashirin da huɗu a kan keke, kuma ina da yara biyar da nake koya wa sana'a. Cikin azumin da ya wuce, da zafi ya yi tsanani, na ga halin da mahaifiyarmu ke ciki. Tana fama da hawan jini, wuta ba ta zama, kuma ɗakinta rufin kwano ne. Da rana sai ka iske ta ta jiƙa zane ta yafa tana jan carbi. Babbar 'yata ta nuna mini wata fanka mai caji, mai haɗe da ɗan faifan sola, a wani kanti na intanet, naira 41,500 har da kuɗin kawowa. Farashin ya fi na kasuwarmu sauƙi. Na zaro katina, ta shigar da lambobin gaba da ranar ƙarewa da lambobi ukun nan na baya, banki ya turo mini lambar sirri ta waya, na karanta mata, kuɗi suka fita. Bayan kwana shida fanka ta iso lafiya lau. Iya ta sa mana albarka. Ni a wurina ciniki ya ƙare ke nan.

Ashe a wurinsu yanzu aka fara.

Wanda ya san shagon tela daga tsakiyar azumi zuwa babbar Sallah ya san yadda waya ke ƙara. Wannan ya turo kafin alƙalami, wancan ya turo cikon kuɗin ɗinki, ni ma ina tura wa masu zare da shadda da mai aikin sirfani. Alat sai ka ce ruwan sama. Saboda haka ban farga ba sai bayan wata uku. Wani dare na gama yanka wata babbar riga, na ajiye almakashi, wajen ƙarfe ɗaya saura, sai waya ta yi ƙara: an cire naira 3,500. Ban sayi komai ba, katina yana aljihun rigata da ke rataye a ƙusa, kuma babu wata lambar sirri da aka turo mini. Na zauna a kan benci na dinga bin tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Sai ga irinta a watan da ya gabata, rana ɗaya, adadi ɗaya. Sai ga wata kuma kafin ita. Jimla naira 10,500, kuma sunan da ke jikin saƙon wasu haruffa ne a cakuɗe waɗanda ba su yi kama da sunan kantin ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, zuciyata ta fara zargin yaran shagona. Kwana biyu ina kallon wani yaro maraya da nake riƙo da wani irin ido, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba. Na nemi gafararsa daga baya, amma har yau in na tuna sai in ji nauyi. Wannan ita ce ɓarnar da ba ta fitowa a takardar banki.

Wani maƙwabcina mai sana'ar POS ne ya warware mini. Ya karɓi wayar 'yata ya buɗe shafin kantin, ya nuna mana wani ɗan akwati ƙarami a ƙasan wurin biyan kuɗi, wanda tun kafin ka taɓa shi an riga an saka masa alamar amincewa. A gefensa akwai rubutu da Turanci, ƙanana kamar ƙwayar gero, wai mai saye ya yarda ya zama mamba, wata na farko kyauta, daga nan za a riƙa cirar kuɗi duk wata. Ya ce mini ranar da na ba da lambar sirrin nan ta farko, an ajiye wata shaida ta katina a wurin kamfanin da ke karɓar musu kuɗi, kuma da wannan shaidar suke iya komawa asusuna ba tare da an sake tambayata ba. An yi tsarin ne domin mutumin da da kansa ya zaɓi a riƙa cirar masa kuɗin wani abu duk wata, kamar kuɗin kallon tashoshi. Amma marasa tsoron Allah sun mai da shi ƙofar baya.

To Edita, ni ɗan kasuwa ne, jikan ɗan kasuwa. A wurinmu mai saye yana tayawa, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya ce ya sallama. Kafin wannan kalmar ta fita babu ciniki. Kuma Allah Maɗaukaki ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29, sai dai ta hanyar kasuwanci bisa yardar juna. Ina yarda a akwatin da wani ya cike mini da hannunsa, da harshen da ba na ji, a wurin da ya tabbata idona ba zai kai ba? In na ɗinka wa mutum kaftani, sannan na riƙa zuwa gidansa duk wata ina zarar kuɗi a aljihunsa, in ce ai na rubuta haka a bayan rasit, wane suna alƙali zai kira ni da shi?

Na nufi banki. Na yi sammako, amma ban samu ganin ma'aikaciya ba sai bayan azahar. Maganarta ta farko ita ce: Baba, ai kai ka ba su katinka. Na ce ƙwarai, na ba su domin fanka ɗaya, sau ɗaya. Ta ce in je in nemi kantin. Lambar wayar kantin ba a ɗauka. Wurin soke zama mamba kuwa, ni da 'yata da maƙwabcina mun shafe kusan awa guda muna nema, shafi yana kai mu wani shafi, a ƙarshe aka ce sai mun aika wasiƙa ta imel. Shiga da taɓawa ɗaya, fita kuwa sai ka sha wuya. Na koma banki washegari aka toshe katin, na biya dubu ɗaya da 'yan kai aka ba ni sabo, na cike fom ɗin ƙorafi.

A layin nan na zauna kusa da wata dattijuwa, da katinta ƙulle a bakin mayafi. Ta ce ɗanta da ke aiki a Fatakwal yake turo mata na cefane, kuma wata huɗu ke nan kuɗin ba sa cika, kullum da giɓin dubu biyu. Jikanta ya taɓa karɓar katin ya ce zai sayi wani abu a waya. Da aka kira ta, na ji ana tambayarta sunan shafin, ta ce ita ba ta san shafi ba. Aka miƙa mata fom da Turanci. Ta jujjuya shi, ta ninke shi biyu, ta sa a jaka, ta ce Allah ya isa, ta fita tana jan ƙafa. Har na bar wurin ban ga ta dawo ba. Saboda ita na ɗauki alƙalami, ba saboda naira 10,500 ɗina ba. Masu wannan aiki sun san lissafinsu sarai. Ba sa ɗibar da yawa. Suna ɗibar abin da bai kai mutum ya bar sana'arsa ya yini a banki ba, kuma sun san da yawanmu kunya za ta hana mu faɗa, kada a ce an yi mana wayo.

Ga abin da na koya, wanda da na san shi tun farko da ban wahala haka ba. Wani malamin sakandare da nake yi wa ɗinki ne ya faɗa mini cewa Babban Bankin Najeriya yana da sashe na musamman na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma ya fitar da ƙa'idoji a kan haka a 2019. Dole ne banki ya karɓi ƙorafinka ya kuma ba ka lambar bibiya. Kada ka bar wurin ba tare da wannan lambar ba, domin ita ce shaidarka. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar rubuta wa Babban Bankin kai tsaye, ka haɗa da lambar da bayanin abin da ya faru. Tun watan Yunin 2020 ma Babban Bankin ya umarci bankuna su warware rikicin biyan kuɗi ta POS ko ta intanet cikin awa 72. Akwai kuma hanyar da bankinka zai bi ta kamfanin katin, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, ya nemi mai kaya ya kawo hujjar cewa ka amince, in ya kasa a dawo maka da kuɗinka. Babu wanda ya gaya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan a cikin bankin. Malamin nan ya rubuta mini takarda muka aika ta imel. Mako bakwai cif daga ranar da na fara kai kuka, kuɗina suka dawo. In na lissafa kuɗin sabon kati da na mashin da yini uku da na rufe keke, na ci riba ne ko na faɗi, kowa ya san amsa.

Wannan cuta ba a kanmu aka fara ta ba, kuma wasu ƙasashe sun samo mata magani. A Amurka, hukumar kula da kasuwanci ta gwamnatin tarayya ta maka Amazon, babban kantin intanet, a kotu a 2023 bisa zargin saka mutane cikin Prime, tsarinsa na zama mamba da ake cirar kuɗi lokaci-lokaci, ba da cikakken saninsu ba, da kuma wahalar da mai son fita. A watan Satumbar 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5, biliyan ɗaya a matsayin tara, biliyan ɗaya da rabi kuma a mayar wa masu saye. Tarayyar Turai ta haramta akwatin nan da ake cike wa mutum domin ƙarin kuɗi tun 2014. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Indiya, ƙasa mai ɗimbin talakawa da harsuna barkatai kamar tamu. Tun watan Oktoban 2021 babban bankinsu ya wajabta cewa duk kuɗin da za a riƙa cira a kati lokaci-lokaci, sai an turo wa mai katin saƙo aƙalla awa 24 kafin a cira, da damar ya ce bai yarda ba. In kuɗin sun wuce wani adadi kuwa, sai ya sake tabbatarwa da lambar sirri. Da muna da irin wannan, da tun watan farko na tare abin, da kuma ban zargi maraya ba.

Saboda haka ina kira ga Babban Bankin Najeriya da ya kafa irin wannan doka. Bankunan da ke iya turo mana saƙon barka da Sallah da tallar bashi, ba za su gaza turo mana gargaɗi kwana ɗaya kafin a taɓa kuɗinmu ba. Alat bayan an cira ihu ne bayan hari. Kuma a tilasta sunan da zai fito a alat ya zama sunan kantin da mutum ya sani. In mai kati ya ce bai yarda ba, mai kaya ne ya kamata ya kawo hujja, ba tsohuwa za a tsare da tambayar sunan shafi ba.

Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa, ta nuna tana da haƙora. Mun ga yadda ta taso wa manhajojin ba da bashi masu tozarta mutane a 2022, mun kuma ji ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a 2024. To ta waiwayo kan waɗannan kantuna. A hana akwatin da aka riga aka cike. A sa fita ta zama da sauƙi kamar shiga. Sannan a yi mana bayani da Hausa, a rediyo, inda muke saurare. An matsa mana mu rungumi kati da tura kuɗi ta waya, musamman lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, muka runguma ko muna so ko ba ma so. Wanda ya tura jama'a cikin kogi, haƙƙinsa ne ya nuna musu inda zurfi yake. Fom ɗin ƙorafi da Hausa, ko ma'aikaci ɗaya a kowane reshe da zai cike wa wanda bai iya ba, ba zai karya banki ba.

Mu ma da namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni yanzu na buɗe wani ƙaramin asusu daban, shi kaɗai nake sayayyar intanet da katinsa, kuma ba na zuba masa sai daidai kuɗin abin da zan saya. In an tambaya ko a ajiye katina domin gaba, a'a nake cewa. Na rubuta lambar toshe asusu ta bankina a bangon shago kusa da kalandar Sallah, na kuma sa kowane yaro ya nemo ta bankinsa. Duk daren Juma'a nakan zauna in bi alat ɗin mako. Kuma ina roƙon iyaye, kati ba abin aike ba ne, kada a miƙa wa yaro shi ya tafi da shi ɗaki.

Ina kuma roƙon limamanmu da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa faɗa wa jama'a cewa wanda aka cire wa kuɗi ba da saninsa ba, ba shi ne abin kunya ba, kuma yana da inda zai kai ƙara. In akwai wanda ya san wata dattijuwa a Funtuwa da ɗanta ke turo mata kuɗi daga Fatakwal suna zuwa da giɓin dubu biyu, don Allah ya karɓi fom ɗin nan da ke ninke a jakarta ya cike mata, ya raka ta banki, kuma kada su fito sai da lambar bibiya a hannu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani tela daga Funtuwa, Jihar Katsina