Rumfar inabi ta dace da yanayin wurin da aka dasa shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, inda na daɗe ina aiki a lambun inabi, saboda 'yan uwa daga gida suna yawan turo mini hotunan gonakin Turai ta WhatsApp suna tambaya ko haka za su kafa nasu.

Tsarin da suke gani a hotunan, na layuka masu kama da shinge, an yi shi ne domin ƙasashen sanyi irin su arewacin Faransa da Jamus, inda rana ba ta da ƙarfi kuma lokacin nuna gajere ne. Mafi shahara shi ne wanda ake jingina wa likitan Faransa Jules Guyot tun wajajen 1860. Idan hunturu ya zo ƙarshe, sai a datse kusan dukkan rassan, a bar ɗaya ko biyu na bara, a kwantar da su a kan waya ta ƙasa a ɗaure, sabon toho kuma ya miƙe tsaye tsakanin wayoyin sama. Daga baya a tsinke ganyen da ya rufe nonon inabin, domin rana ta taɓa 'ya'yan, iska kuma ta busar da raɓa kafin fumfuna ta kama su. Gaskiya ne yawancin inabinsu na giya ne, abin da ba namu ba, amma itacen ɗaya ne da namu na ci.

Nan Ɗa'ifa, duk da tudun da ya haura mita 1,800 da sanyin da ke sa mutanen Makka tahowa hutu, ranar bazara tana da kaifi. Shi ya sa rumfa, wadda Larabawa ke kira arisha, ta fi karɓar mu: ganye a sama, 'ya'ya suna reto a inuwa. Na taɓa gwada tsarin Turawa a layi guda, na tsinke ganyen ɓangaren yamma, cikin 'yan kwanaki fatar 'ya'yan ta ƙone ta koma ruwan ƙasa, na tsaya ina murza su a tafin hannu raina a ɓace.

Don haka manomin Hunkuyi ko Kudan a jihar Kaduna ya riƙe rumfarsa, ya dai kafa dirkoki masu ƙwari, ya rage cunkoson ganye da damina. Wanda nake roƙo ya yi nazarin tsarin ƙasashen sanyi shi ne mai niyyar dasawa a Jos ko tsaunin Mambila, inda hazo da yawan ruwa za su iya ruɓar da inabi a ƙarƙashin rufaffiyar rumfa. Ina kuma kira ga malaman gona da su gwada tsarin biyu a fili ɗaya kafin talaka ya zuba kuɗinsa a waya da ƙarfe.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Ɗa'ifa, Saudiyya