Kundin baje kolin zane na Amurka da abin da masu sana'ar hannu na Maraɗi za su amfana da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wasu littattafai da ba a cika samunsu a ɗakunan karatunmu na Maraɗi ba, wato waɗanda gidajen tarihi na Amurka ke bugawa a kan zane da sassaƙa, musamman kundin da ake haɗawa duk lokacin da aka baje kolin ayyukan wani gwani. Wani zai ce ina ruwanmu da zanen Amurka, alhali ɗalibanmu littattafan aji ma ba su ishe su ba. Maganarsa tana kan hanya, amma abin da nake so mu ɗauka daga waɗannan littattafai shi ne yadda ake rubuta tarihin aikin hannu domin kada ya ɓace tare da mai shi.

Duk wanda ya buɗe irin wannan kundi zai tarar da hoton aikin a shafi guda, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta sunan wanda ya yi shi, da shekarar, da abin da aka yi shi da shi, da tsawonsa da faɗinsa, har da sunayen waɗanda ya bi ta hannunsu kafin ya iso gidan tarihi. Misali, Jacob Lawrence, mai zane baƙar fata ɗan Amurka, ya zana alluna 60 tsakanin 1940 da 1941 a kan ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar zuwa biranen arewa don neman aiki da gudun wariya, kuma kowane allo ya sa masa ɗan bayani a rubuce. An raba allunan gida biyu, 30 suna gidan tarihin MoMA a New York, 30 suna gidan tarihin Phillips Collection a Washington, saboda haka mafi yawan mutane a cikin littafi kaɗai suke iya bin labarin daga farko har ƙarshe. Mu da muka san ci-rani, tashoshin jirgin ƙasa da ya zana cike da mutane da ƙunshin kayansu ba baƙon abu ba ne a idonmu. Shi Lawrence ɗin ya zo Najeriya a 1962 da 1964, ya kuma zana kasuwanninta.

Labarin Augusta Savage, gwanar sassaƙa baƙar fata ƴar Amurka, ya fi taɓa ni. Ta yi wani babban aiki mai tsayin kusan mita 5 domin bikin baje kolin duniya na New York a 1939, jerin mawaƙa a tsaye kamar tsirkiyoyin abin kiɗa. Da filasta ta yi shi, domin babu kuɗin zuba shi da tagulla, kuma da aka tashi daga bikin sai aka rushe shi. Abin da ya rage a yau hotuna ne da ƴan ƙananan kwafi da bayanan da aka rubuta, kuma da su ne ake ci gaba da nazarinsa.

Na san akwai maganar malamai a kan siffanta abu mai rai, kuma wannan fage nasu ne. Sai dai tsarin da nake magana a kai ya dace da ayyukanmu da babu mai ja a kansu. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje, kuma dukawanmu suna ɗinka jakunkuna da matasai da takalma masu ado da ita, amma a ɗauki matashin fata guda da ya shekara 40 a ɗakin wata tsohuwa, mai tufka ja da kore a gefuna, a tambayi wanda ya ɗinka shi, da wuya a samu amsa. Haka abin yake ga masu zanen ƙwarya, da masaƙa, da maƙera, da magina masu zanen bango irin na unguwar Birni a Damagaram. Ana baje kolin kayan nan a Yamai da sauran garuruwa, a saya a sayar, a kwashe rumfuna, sunan gwanin kuma ya tafi da shi kabari.

Roƙona na farko ga malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ne da masu kula da ɗakunan karatu. Gidan tarihin Metropolitan na New York ya sa ɗaruruwan littattafansa a intanet kyauta, saboda haka ana iya sauke wasu a ajiye a kwamfuta domin ɗalibai. Da yake da Turancin Ingilishi aka rubuta su, mu kuma da Faransanci muka yi karatu, malaman Ingilishi za su iya taƙaita bayanan da Hausa. Na biyu, duk ƙungiyar da za ta shirya baje kolin sana'o'in hannu a jiharmu ta ware ɗan kuɗi don buga ƙaramin kundi, ko da shafi 20 ne, da hotunan da aka ɗauka da wayar salula, a rubuta sunan kowane gwani da unguwarsa da wanda ya koya masa sana'ar. Ita ma wannan jarida za ta iya soma aikin ta hanyar ware rabin shafi kowane wata ga aiki guda da mai shi.

Wassalam.

Daga wani malamin makaranta,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar