Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan jihar Yamai kan tsarin agajin ambaliya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ma'aikatan agaji ne da masu bin lamarin kogi a wannan birni, kuma roƙonmu ɗaya ne: ka tara duk mai hannu a taimakon waɗanda ruwa ke ci, hukumomi da ƙungiyoyi da ƴan kasuwa, a zauna tun watan Yuni a fito da rajista guda da jadawalin rabon aiki guda. Zaman da ake yi a Satumba, mutane na kwance cikin azuzuwan lakwal, ya riga ya makara.

Ruwan Yamai ba ya zuwa a ɓoye. Hukumar ƙasashen kogin Isa, wato ABN, a nan birnin take da mazauninta, kuma kowa ya san matakan gargaɗinta a ma'aunin Yamai: santimita 530 alamar rawaya, 580 ruwan lemo, 620 ja. A Satumbar 2020 ruwa ya kai wajen 700, shingen tare ruwa na Lamorde ya ɓalle, Harobanda ta sha ruwa, Saga da Kirkisoye suka yi asarar shinkafa. Hawa biyu kogin yake yi. Na farko, jan ruwan Agusta da Satumba, daga rafukan Sirba da Dargol da Goruwal yake gangarowa, daga wajen Burkina Faso, kuma cikin ƴan kwanaki yake hawa. Na biyun, wanda ke tasowa daga Gini, sai lokacin sanyi yake isowa. Ban da su akwai ruwan sama da ke rushe gidajen laka a unguwannin da ba su ma ganin kogi, saboda toshewar magudanai. Kowannensu da lokacinsa da unguwanninsa, ana iya rubuta su tun ba a shiga damina ba.

Abin da ke kawo ruɗani shi ne kuɗin agaji ba daga tukunya ɗaya yake fitowa ba, kuma ba rana ɗaya yake nuna ba. Abin da ke fara isa hannun mutane shi ne hatsin rumbun abinci na gwamnati, wato OPVN, da abin da maƙwabta da masallatai da masu hali suka kawo. Ƙungiyar Kurwa Ruj ta ƙasa tana iya neman kuɗin gaggawa daga asusun DREF na tarayyarsu ta duniya, wanda ke fitowa da wuri amma bai da yawa. Asusun CERF na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fi kauri, sai dai hukumomin Majalisar kaɗai yake ba, irin su PAM ta abinci da UNICEF ta yara da OIM ta masu ƙaura, kuma ana so a kashe shi cikin wata shida. Su kuma sai sun ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin da ke da mutane a unguwanni, a sa hannu, a tura kuɗi, a yi odar kaya. A nan makonni ke tafiya. Sannan ga kuɗin ƙasashe masu ba da taimako, wanda yawanci ɗaure yake zuwa: wannan na ruwan sha ne kawai, wancan na yara ne kawai, wani kuma na wata kwamin ce tak. Ƙungiyar da ke riƙe da kuɗin sabulu ba ta da ikon sayen tanti da shi, ko da tana ganin mutane a rana. Tun da Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID a 2025, kowace tukunya ta ƙara raguwa.

Ofishin OCHA, mai daidaita ayyukan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana tara ƙungiyoyi rukuni-rukuni, na abinci, na matsuguni, na ruwa da tsabta, na lafiya, kuma akwai jadawalin da ake cikewa na wa ke yin me, a ina. Tsarin yana da amfani. Rauninsa shi ne mai cikewa da son ransa yake cikewa, ƙananan ƙungiyoyin gida da yawa ba sa zuwa zaman, attajirin da ya cika mota da shinkafa kuwa bai ma san da shi ba. OCHA tana iya gayyata, ba ta iya tilastawa. Mai iya cewa ba a sauke kaya a sansani sai an shiga jadawali, kai ne.

Mu dawo kan rajista, don a nan ne yawancin ɓarna take. Idan ƙungiya biyar suka shigo unguwa ɗaya, kowace da takardarta, jerin sunaye biyar ake samu masu karo da juna. Wata gidaje take ƙirgawa, wata tukwane. Gida ɗaya a Karaje yana iya ɗauke da iyali huɗu, kowa da murhunsa, a rubuta su gida ɗaya a ba su buhu ɗaya. Ɗan haya shi ne ya fi shan wuya: ana tambayar gidan wa ya faɗi, a rubuta mai gida, alhali mai gidan yana can wata unguwa a kan tudu, wanda katifarsa da hatsinsa suka tafi kuwa bai shiga ko'ina ba. Waɗanda dangi suka ɗauka su ma ɓacewa suke, domin ƙirga a sansani ake yi, ga kuma gidan da ya karɓe su ya koma ciyar da baki goma sha biyar. Wasu takardunsu ruwa ya tafi da su, a ce sai da katin ɗan ƙasa. Wani kuwa, mai wayo, ya rubuta kansa a wuri uku. Sansanin da ke bakin kwalta, inda kamara ke isa, yakan samu bokiti uku kowane iyali, na cikin lungu bai ga ko ɗaya ba.

Gyaran bai buƙatar kuɗi mai yawa. A yarda tun yanzu cewa iyali shi ne masu ci a tukunya ɗaya. Fom ɗaya za a yi amfani da shi, mai tambayar sunan mai riƙe da iyali ko da mace ce, yawan mutane, yara ƴan ƙasa da shekara 5, masu ciki, tsofaffi da naƙasassu, haya ko mallaka, da inda suke kwana yanzu. Ayarin ƙirga ya haɗa jami'in kare fararen hula, wakilin kwamin, mai unguwa, da mace aƙalla ɗaya daga unguwar. A karanta sunayen a bainar jama'a, a ba da kwana biyu na ƙorafi, sannan a rufe. Kowane iyali ya samu kati mai lamba, duk wanda ya ba shi wani abu ya rubuta a bayan katin. Wanda takardunsa suka salwanta, shaidar maƙwabta biyu da mai unguwa ta wadatar. Mai unguwa dai ya zama mai shaida, kada alƙalami ya zauna hannunsa shi kaɗai. Ba zargi muke ba, sauƙi muke nema masa, domin shi ne dangi da abokai ke kwana ƙofar gidansa.

Da rajista a hannu, lissafi sai ya fito fili. Ɗauki iyali 1,000, kowanne mutum 7 kamar yadda aka saba ƙiyastawa a Nijar, mutum 7,000 ke nan. A ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suka yarda da shi, kowa na buƙatar lita 15 ta ruwa a rana: lita 105,000, sawu 11 na tanka mai lita 10,000, kowace rana ta Allah. Masai ɗaya ga mutum 50 a kwanakin farko, wato 140, daga baya a kai ɗaya ga mutum 20, wato 350. Gidan sauro ɗaya ga mutum biyu, 3,500. Hatsi giram 400 ga kowa a rana, tan 84 a wata, ban da wake da mai da gishiri. Inuwa murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Wanda ya yi alkawarin ruwa, a tambaye shi tanka nawa, man fetur na kwana nawa, kuma wa zai karɓa ranar da kuɗinsa ya ƙare.

Masai shi ne maraya, kowa ya fi son a ɗauki hotonsa yana miƙa buhu. A ƙetaren kogi ruwan ƙasa kusa yake, ramin masai yana cika da ruwa tun ana haƙa, don haka sai an ɗaga shi sama, a nisanta shi mita 30 daga rijiya, na mata daban, da ƙyaure da fitila. Ƙwayar tsabtace ruwa ba ta aiki yadda ya kamata a ruwa mai laka, sai an bar shi ya kwanta an tace, a jefa ta, a jira minti 30. Raba ta ba tare da nuna wannan ba asarar kuɗi ce, kuma kwalarar 2021 ba ta yi nisa da za a manta ba.

Inda kasuwa ke ci, kuɗi a hannu ya fi kaya, domin ɗan haya kuɗin ɗaki yake nema, ba tabarma ta uku ba. Amma a tsayar da adadi ɗaya ga kowa. Idan wannan ƙungiya ta ba da jika talatin, waccan ta ba da hamsin a layi na gaba, rigima ce aka saya.

A 2024, shekarar da ruwa ya shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Filin da za a kai mutane ya kamata a san shi tun Yuni, a kai masa ruwa a gina masai kafin a kai kowa. A kuma duba nisansa da inda suke neman abinci. Masunci ko mai lambu da aka kai nesa da kogi ba tare da abin hawa ba, komawa gindin shinge zai yi.

Wata shidan kuɗin gaggawa da aka fara a Satumba yana ƙarewa wajen Fabrairu ko Maris. A tsakanin nan ne hunturu ke shiga ana neman bargo, ruwan Gini ya iso ya tarar da shingen da ba a gyara ba, manoman shinkafa na neman iri da taki da gyaran injin ban ruwa don noman rani. Wannan shafin na jadawali shi ne yakan zauna fari. Muna roƙon a zaman Yuni a karanta shi layi-layi a gabanka, kada a tashi sai kowane layi ya samu sunan mai ɗauka, abin da ya rasa mai ɗauka kuma a miƙa wa gwamnati da masu ba da kuɗi a rubuce kafin ƙarshen Yuli.

Allah ya taya ka riƙo.

Wasu ma'aikatan agaji da masu bin lamarin kogi, Yamai